An Sace Gaban Shagon Goggo Hinde

Da hantsi, Sufeto Bashar na zaune a ofishinsa da ke caji ofis na Tambuwal yana zungurar fankar da ta ƙi juyawa da kan biro, sai Saja Adawiyya ta leƙo tana danne dariya.

"Yallaɓai, an kawo ƙarar sata."

"Mi anka sace?"

"Ka dai ji da kunnenka. In ni nif faɗa, sai ka ce shaƙiyanci nika yi."

Wata gajeriyar tsohuwa ta shigo tana jan takalmi, tafin hannunta na dama ja wur da fenti. Sufeto na ganinta ya miƙe tsaye, abin da bai cika yi wa kowa ba in ban da DPO.

"Goggo Hinde! Ke ta da kanki? Zauna, zauna."

Babu wanda ya taɓa jiran mota a bakin kasuwar Tambuwal bai san Goggo Hinde ba. Tana da shagon kayan miya a layin da ke kan hanyar Sakkwato, tana sayar da daddawa da kanwa da man shanun Kebbe, kuma a gaban shagon akwai wata tsohuwar randa da moɗa wadda kowa ke sha kyauta. Shi kansa Sufeto, lokacin da yake ɗan sakandare yana jiran motar Dogon Daji da ƙishi kamar ya mutu, ya sha ruwan randar nan har ba ya iya tuna sau nawa. Bai taɓa mantawa ba.

"Mi anka ɗauke miki, Goggo?"

"Gaban shagona anka sace, ɗana."

Sai da ta sha ruwa ta huta, sannan maganar ta fito a miƙe.

A bana ne ofishin tsara gari ya kawo doka a kan layin shagunan bakin kasuwa. Kowane gini sai ya ja baya daga titi, ya bar fili inda motoci da babura za su tsaya. Mutane sun yi ƙorafi kaɗan suka haƙura, don kowa ya gaji da ganin bas tana lodi a tsakiyar kwalta, tirela na tahowa tana hon. Masu awo suka zo daga Sakkwato, suka kakkafa turakun siminti a gaban shaguna. In an ja igiya daga turke zuwa turke, duk abin da ya ɓullo gaban igiyar sai a shafa masa jan fenti, katafila ta zo ta ci.

Shagon Goggo Hinde kaɗai ne a layin bai rasa ko tubali guda ba. Marigayi mijinta, Bube, manomi ne daga Kebbe, kuma tun da ya zo gina shagon ya ja shi can baya. An yi masa dariya a lokacin, ana cewa Bube ya sayi fili ya bar wa awaki rabi. Shi kuwa ya ce baƙon da ya sauka daga mota yana bukatar inda zai ajiye ƙafarsa da kayansa. Ranar da aka kafa turken, Goggo ta ga igiya ta wuce can gaban bangonta, ta koma cikin shago ta yi kukan daɗi tana yi masa addu'a.

"To, na tahi Dogon Daji sunan jikata," in ji ta. "Jiya nid dawo. Yau da sahe yaran ofis sunka ja igiya, sai ga ta bisa bangona. Sunka shafa min ja. Na goge har hannuna ya yi zahi, ya ƙi hita."

"Kin tabbata ba nan turken yake ba tun farko?"

Ta dube shi irin kallon da ake yi wa yaron da ya tambayi sunan uwarsa.

"Tsakanin turken da bango randata taka zama, har da wurin durƙusa ka sha. Yanzu ko tsintsiya ba ta shiga."

"Yaushe katafila za ta iso gare ki?"

"Jibi, sunka ce. Ginin laka na, Bashar, siminti anka shafa mai bisa. In bangon gaba yaf faɗi, rufin duk ya tahi. Ban da wani abu bayan shi."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Tun daga nesa suka jiwo gurnanin katafila a can farkon layi. A gaban shagon Goggo kuwa 'yan kabu-kabu ne cike, don tun zamanin Bube nan suke jiran fasinja, ba a taɓa karɓar musu komai ba. Turken na nan daf da bango, kansa da lamba, randar kuma an ture ta gefe cikin rana.

Sufeto ya durƙusa ya duba. Ƙasar gindin turken ta kwanta luf kamar sauran, don ruwan saman da aka sheƙa ranar Juma'a ya share komai.

Wani dogon mutum mai rigar ruwa ya matso yana cire safar hannu.

"Ranka shi daɗe, ni na Mansur, shugaban masu babura na nan. Wallahi abin ga ya taɓa mu. Goggo uwa ta gare mu."

"Kuna nan kullum. Ba ku ga wanda yat taɓa turken ga ba?"

"Ran Juma'a da ruwa yas sauko kowa ya tsere, shaguna duk an rufe. Ni ma na kai fasinja ƙauye, can ruwan yar rutsa da ni." Ya ɗan rage murya. "Amma dai na ga Alhaji Abdulganiyyu da tef shina awo nan wurin, kwanan baya. Ban ce komi ba fa."

Saja Adawiyya kuwa ta zagaya gefe. Tana tsaye ne a gaban wani babur da aka lulluɓe da buhu, shi kaɗai a tsakiyar rana, sauran duk suna inuwar rumfar gaban shagon.

"Wanga na wa na?" ta tambaya.

"Nawa na, Hajiya. Ya lalace, makaniki nika jira."

"Allah shi kawo shi," in ji ta, ta wuce.

Daga nan suka nufi ofishin tsara gari. Malam Abdulhakeem, jami'in da ke kula da aikin, mutum ne siriri mai tabarau wanda ka gan shi ka san ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya saurare su har ƙarshe bai katse su ba.

"Sufeto, ni ma na yi mamaki da yarana suka ce shagon Goggo ya shiga. Amma da me zan auna? An kankare tsohuwar kwalta, ba gefen titi, ba tsakiya. Na'urar awo tana Sakkwato, masu ita sun wuce wani aiki. Turakun nan su ne kaɗai abin da nake da shi."

"Ka tsai da katafila har su dawo."

"In na tsayar saboda mutum ɗaya ya ce an matsar masa da turke, gobe duk layin za su ce an matsar musu." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ka ga abin da nake ciki. Ga masu shaguna, ga direbobi, ga 'yan kabu-kabu da suka hana ni sakat wai a bar su a bakin kasuwa, alhali doka ta ce ba a yarda da tashar babura sai inda fili zai ɗauki layi biyu. Kowa da kukansa. Ka kawo mini shaida, wallahi da gudu zan je in tsayar da direban."

Sufeto bai ji haushinsa ba. Mutumin na da gaskiya, kuma ya yi alkawari, shi kuwa Sufeto ya saba gode wa Allah a kan kaɗan.

Alhaji Abdulganiyyu yana da bene a jikin shagon Goggo, wanda katafila za ta aske wa baranda. Suka same shi a kujerar roba yana kallon barandar kamar mai bankwana da ita.

"Ni? Ban taɓa neman filin Hinde ba," in ji shi tun kafin a gama tambaya.

"Alhaji," in ji Saja Adawiyya cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "ta ce dillalinka har ya san inda taka ajiye tabarmar baƙi."

Alhaji ya gyara hula, ya yi tari.

"To, na nema. Laihi na? Ta ce a'a, na bari."

"Awon da kay yi da tef fa?" Sufeto ya tambaya.

"Barandata nika aunawa, in san nawa za ta tahi. Yallaɓai, kai ma ka yi tunani. Duk abin da igiya tac ci, na gwamnati na, wurin ajiye motoci. In an rushe shagon Hinde, mi za ni samu? Ƙura?" Sannan muryarsa ta sauya. "Kuma ka ji in gaya maka. Ina yaron mota, ban da ko tabarma, a rumfar Bube nika kwana. Shi ya kan rufe ni da buhu in sanyi ya yi. Na so filin, gaskiya na, zuciya ta ɗan kasuwa. Amma in sa a rushe wa matatai shago? Allah shi tsare ni."

A hanya Saja ta ce, "Maƙaryaci na, amma ba ɓarawon turke na ba."

"Haka nig gani," in ji Sufeto. "Tunda bisa ƙasa ba ta gaya muna komi ba, bari mu tambayi ƙarƙashinta."

Bayan la'asar Malam Abdulhakeem ya zo da leburori biyu da diga, ya ba da izini a tono turken. Jama'a suka kewaye su. Ba a sha wahala ba, don turken ya fito salin-alin kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi, gindinsa a gutsure, babu dunƙulen simintin da ake zuba masa.

Sufeto ya zura hannu cikin ramin. Yatsunsa suka taɓa wani abu mai faɗi. Ya fito da tsingaron tukunya, a ƙarƙashinsa kuma ga gawayi cike da tafin hannu, baƙi ƙirin, a jere kamar an shirya shi.

"Malam Abdulhakeem, masu awonku na sa wanga?"

"Gawayi? Me za su yi da gawayi? Kankare suke zubawa."

Aka tona gefen turken maƙwabta, na hagu da na dama. Kankare ne zalla, ya kama ƙasa gam.

"Na yarda ba mu muka kafa wannan ba," in ji Malam Abdulhakeem a hankali. "Amma a ina yake da farko? In ban ga ramin asali ba, ban san inda zan ɗaura igiya ba. Filin nan kuwa ruwa ya share shi."

Sufeto ya juya zai yi wa Goggo Hinde magana, sai ya ga ta zauna a bakin ƙofa, idonta a kan gawayin, fuskarta ta sauya. Ya ja ta cikin shago inda ba kowa.

"Kin san abin ga, Goggo."

Ta gyaɗa kai.

"Haka Bube ya kan yi in za a kafa iyakar gona. Mutanenmu na Kebbe duk haka suka yi. Gawayi ba ya ruɓewa. Ko jikoki sunka yi rigima, a tona a gan shi."

"Wa kika tunani?"

Hawaye suka zubo mata. Tsoron rushewar shago bai sa ta kuka a gabansa ba, amma wannan ya sa.

"Ɗan'iya, ƙanen Bube. Tun rasuwar shika cewa in rufe shago in koma gida, tsohuwa ba ta zama bakin titi ita ɗai. Don Allah, ɗana, in shi na, kak ka ɗaure shi. Gara a rushe."

"Bari in gan shi tukuna," in ji Sufeto.

Washegari da sassafe suka kama hanyar Kebbe a motar ofis. Hanyar damina ce, duk wanda ya bi ta ya san ba a shan shayi kafin a hau ta. Saja Adawiyya ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana ambaton Allah a kowane rami, tana kuma ambaton direban da wasu kalmomi tsakanin ramukan.

Suka sami Ɗan'iya a bayan gari, gero ya kai masa ƙugu, shanunsa na kiwo a gefen burtali. Tsoho ne kakkaura mai kamar Bube a goshi. Ya shimfiɗa musu buhu a gindin bishiya, ya sa aka kawo nono da fura kafin ya yarda a yi wata magana.

Da Sufeto ya faɗi abin da ya kawo su, tsohon ya ajiye ludayi.

"Hinde tac ce ni na?"

"Ba ta ce ba, Baba. Tsoro taka ji kada ya zan kai na. Har ta roƙe ni kada in ɗaure ka."

Ɗan'iya ya kau da kai ya dubi shanunsa na ɗan lokaci.

"Na matsa mata ta dawo gida, gaskiya na. Tausai nika ji. Amma ginin da ɗan'uwana yaɗ ɗora da hannunai? Nuna min abin da kunka tono."

Sufeto ya kwance ƙyalle. Tsohon ya ɗauki gawayin ya murza, ya gyaɗa kai. Da ya ga tsingaron sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wanga ba aikin gidanmu na ba. Mu nan tudu muke, gawayi zalla muka sawa. Masu rufe shi da tsingaro mutanen Tungar Gawo na, can bakin fadama. Ruwa na tafiya da gawayinsu in ba su danne shi ba. Ko barci sunka tashi, hannunsu sai ya sa tsingaro."

"Akwai ɗan Tungar Gawo da ka sani a Tambuwal?"

"Ɗan Malam Uthman mana, mai kabu-kabu. Mansur. Ai Bube na yat tsaya mai anka ba shi babur na farko, lokacin da shanun ubanai sunka ƙare. Shi yab ba su gaban shago su riƙa tsayawa."

Sufeto ya dubi Saja, Saja ta dube shi.

"Layi biyu na babura," in ji shi.

"Da babur mai jiran makaniki cikin rana," in ji ta.

Sufeto ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya yi masa godiya irin wadda ba ta cikin aikin ɗan sanda. Ɗan'iya ya cusa musu ƙwaryar man shanu a mota, ya ce a kai wa Hinde, a gaya mata ya ji, kuma bai riƙe ta ba.

Da suka iso Tambuwal rana ta take, katafila ta yi sauri fiye da yadda aka zata. Ta riga ta aske barandar Alhaji Abdulganiyyu, direban na juya ta. Goggo Hinde ta fitar da buhunan daddawa da kwanukan awo ta tara a waje, ta zauna a kansu ta haɗa tagumi. Malam Abdulhakeem na tsaye yana duba agogo yana duba hanya, da ya hango motar 'yan sanda sai ya ɗaga wa direban hannu ya dakata.

Sufeto ya sauka ya nufi babur ɗin da ke lulluɓe da buhu.

"Mansur, makaniki bai zo ba har yanzu?"

"Bai zo ba, ranka shi daɗe."

"Gusa muna da shi kaɗan."

"Ai, ai ƙafar baya ta cije, ba ya turuwa."

Saja Adawiyya ta yaye buhun, ta miƙa hannu. Mansur ya tsaya kamar bai gane ba, har sai da wani abokin aikinsa ya ce, "Shugaba, ba ta makulli mana." Ta tattare siket, ta taka sau ɗaya, babur ya tashi da ƙara lafiya lau. Ta tura shi inuwa wajen 'yan'uwansa.

Inda ya tashi, ƙasa ta ɗan lotsa kamar bakin ƙwarya. Ruwan Juma'a ya danne cikon, shi ya sa mai shi ya rufe wurin da babur. Lebura ya sa diga. Sara kaɗan sai ƙarfe ya yi ƙara a kan kankare. Aka share, ga dunƙulen siminti da rami a tsakiyarsa, da guntun gindin turke a maƙale. Aka kawo turken aka ɗora, ya zauna daram.

Malam Abdulhakeem bai jira kowa ba. Ya ɗaura igiya da hannunsa daga turken hagu zuwa na dama ta kan wannan. Igiyar ta miƙe can gaban bango, da filin da randa za ta zauna har da wurin durƙusawa a sha.

"Wuce!" ya ɗaga wa direban katafila murya. "Wannan shagon ba ya ciki. Wuce na gaba!"

Katafila ta yi gurnani ta bi ta gaban shagon, ƙasa na rawa, ba ta taɓa ko rumfa ba. Goggo Hinde ta tashi ta dafa bangon da tafin hannunta mai jan fenti, ba ta iya cewa komai ba sai "Alhamdulillahi," tana maimaitawa.

Sufeto ya buɗe ƙyallen a gaban Mansur.

"Daga Kebbe muke. Ɗan'iya ya ce a gaishe da ɗan Malam Uthman na Tungar Gawo."

Mansur ya dubi tsingaron. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na," in ji shi. "Ni ɗai na, ba wanda yas sani cikin yaran ga."

"Faɗi yadda anka yi."

"An ce za a maishe mu sabuwar tasha bayan gari, inda ba fasinja. Na yi ta zarya ofis, anka ce filin ga bai kai layi biyu ba, kaɗan yar rage. Ran Juma'a da ruwa yas sauko kowa ya watse, nis sa ƙarhe nib ɓalle turken, nim matsar da shi. Wallahi tallahi rumfa nika nufi. Na ce in an cire rumfa, fili ya isa, mu haɗa hannu mu yi mata wata a gehe. Ruwa na dukana, ban auna ba. Sai da nig ga fenti bisa bango nis san abin da niy yi."

"Da ka gani, mi ya hana ka faɗi?"

Mansur ya sunkuyar da kai.

"Kunya, Yallaɓai. Da tsoro."

"Shi kuma Alhaji da ka jefa cikin magana?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Gawayin fa?" Saja ta tambaya. "Wa ya aike ka?"

"Ban ma yi tunani ba. Na ga rami, na ga turke. Babana ya ce iyakar da ba gawayi ba iyaka ta ba. Nid ɗebo a murhun mai shayi, nis sami tsingaro bayan shago." Ya yi murmushin takaici. "So nika yi ta zauna, kada wani ya ce ba nan take ba."

Sufeto ya ji haushi ya ji tausayi a lokaci guda. Mutumin ya yi ƙarya, ya nemi shafa wa wani laifi, ya zuba ido tsohuwar da ke kiransa ɗanta tana kwashe kayanta waje. Amma yaran da ke tsaye a bayansa da hulunan kwano a hannu, su ma bakunan gidajensu na jira. Wannan kuma alƙali ne zai auna, ba shi ba.

"Tashi, Mansur. Ka matsar da alamar gwamnati, ka yi wa 'yan sanda ƙarya. Mu tahi ofis."

Saja ta sa masa ankwa. Ya miƙe, ya kasa duban inda Goggo take.

"Ku dakata," in ji tsohuwar.

Ta je gun randar da ke cikin rana, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta kawo. Hannunsa na ɗaure, don haka ita ta riƙe masa, kamar yadda ake ba yaro.

"Sha. Tun sahe ban ga ka sha ba."

Mansur ya kai baki. Kuka ya ƙwace masa, babban mutum a tsakiyar kasuwa, ruwan na zuba a rigarsa.

"Goggo, ki gahurta min. Baba Bube ya yi min komi."

"Ya yi maka," in ji ta. "Ni ma ya yi min. Da bai ja ginin ga baya ba ana mai dariya, da yau ban da abin da za a sace. Na yafe nawa. Na hukuma kuma ka je ka ji da shi."

Ta juya ga Sufeto, ta kama hannunsa, fentin ya ɗan shafar masa hannun riga.

"Bashar, Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka ɗiyan da za su tsaya maka."

"Amin, Goggo. Ruwan da nish sha nan ina ɗan makaranta, ban biya ba har yau." Ya ɗauko ƙwaryar man shanu daga mota ya miƙa mata. "Ɗan'iya ya ce ya ji, kuma bai riƙe ki ba."

Ta rungume ƙwaryar, ta yi dariya da hawaye a fuska.

Aka sa Mansur a bayan mota, Saja ta zauna kusa da shi. Direba ya tayar. Sufeto ya leƙa ta madubi, ya ga Malam Abdulhakeem ya aika a kawo siminti da farin fenti, Alhaji Abdulganiyyu na kinkimar buhun daddawa da babbar rigarsa yana mayarwa cikin shago, 'yan kabu-kabu kuma sun yi cirko-cirko, ba su san ko har yanzu suna da wurin tsayawa ba.

Goggo Hinde ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kuka kallo? Ku zo ku kama min randar ga mu maishe ta wurinta, ruwa ya yi zahi."

Suka ruga gaba ɗaya, har suna ture juna. Mansur ya ga haka ta tagar mota, ya kifa kansa a gwiwa, motar ta hau titi ta nufi caji ofis.